Fatar da na jeme wa akordiyon

Shekarun baya, lokacin da nake koyon haɗa baƙi, ga furfura a kaina, wani abu ya shiga tsakanina da yayana har muka daɗe ko barka da Sallah ba ma yi wa juna. Yanzu abin ya wuce, shi ya sa zan iya ba ku labarin. Masu cewa rubutuna yana da kaushi ku yi haƙuri. Sai da na haura arba'in na fara riƙe bik, wato biro, ban samu lokacin koyon lanƙwasa magana ba.

A lokacin ina zaune a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon a ƙasar Faransa, ni da ɗiyata, don mahaifinta ya rasu. Da safe ina sharar buro, wato ofis, da rana in tafi ajin manya na unguwarmu inda ake koya wa irinmu karatu. Wanda yake zama kusa da ni wani tsoho ne baƙi siriri, kullum da malafa da kwat, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kowa Tonton yake ce masa, wato kawu da Faransanci, ni ma haka. Ni da shi ne ƙarshen aji. In malama ta fita sai ya leƙa takardata ya kwafa, ni kuma dama tasa na kwafa, sai mu faɗi tare.

Mutumin wani tsibiri ne da ake kira Rodrigues. Ya nuna mini shi a taswirar bangon aji, can cikin teku bayan Madagaskar, ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda. Na ce, "Tonton, nan mutane suke zaune? In ruwa ya yi fushi ina kuke gudu?" Ya ce, "Ba ma gudu, Madam. Kiɗa muke yi."

Da gaske yake. Ya ce a can ba a biki sai da akordiyon, wannan akwatin kiɗan mai maɓallai da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Mahaifinsa mai gyaransa ne. A zamaninsu jirgin ruwa kan daɗe bai zo ba, iskar teku kuma gishiri gare ta, tana cinye ƙarfe. In abu ya lalace ba inda za ka saya. Sai su fere ƴan harsunan ƙarfen da ke ba da sauti daga ƙarfen tsohon agogo, su liƙe su da kakin zuma, zugazugin kuma su yi shi da kwali da fatar akuyar gida. Shi ma abin da yake yi ke nan a wata ƴar bukka cikin lambun da yake haya a bayan gari, mutane suna kawo masa tsofaffin akordiyon yana gyarawa.

Wata rana ya zo aji da ɗan guntun fata, yana ta murza shi a hannu yana tsaki. Ya ce yana so kafin ya mutu ya ƙera guda ɗaya daga farko har ƙarshe irin na mahaifinsa, amma fatar da ake sayarwa nan ba ta yi masa ba, sai sheƙi, in an lanƙwasa ta sau da yawa sai ta tsage a kusurwa iska ta riƙa fita. Na karɓa na shinshina. Ba ta warin komai. Na ce masa wannan ba a jeme ta da bagaruwa ba.

Ya dube ni. "Ke ina kika san fata?"

Tun da na zo ƙasar nan ba wanda na taɓa faɗa wa. Babanmu majemi ne a Damagaram. Ba dillalin fata ba, ba mai shago ba, majemi, mai shiga rami har gwiwa, wanda in ya shigo masallaci wasu ke matsawa. Mu biyu ya haifa da muka rayu. Yayana aka sa lakwal, makarantar boko, ni kuwa aikina kai abinci majema. Mata ba sa jima, amma ba wanda ya hana yarinya mai jiran kwano ta buɗe ido. Na ga komai.

Yayana ya yi karatu, ya zo Faransa, ya yi kasuwanci a Aubervilliers, gefen Paris, har ya zama Alhaji mai manyan ɗakunan ajiyar kaya. Shi ya ɗauko ni bayan an yi mini rasuwa, wannan ba zan taɓa musu ba. Amma ranar da na sauka, tun muna cikin mota, ya ce mini, "Nan kowa ya san Baba fataucin fatu yake yi. Kin ji ko?" Na ce na ji. Na riƙe masa wannan maganar shekara da shekaru kamar mai riƙon garwashi.

Ranar dai na ce wa Tonton, "Ubana majemi ne. Zan yi maka."

Kada ku ɗauka na iya. Wani mahauci ɗan Chadi ya samo mini fatun akuya daga wata gona, na jiƙa su cikin ruwan toka da kanwa a banɗakin gidana, hawa na bakwai. Jama'a, wari ya bi bututu ya gaida kowa a benen nan. Maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko wani ya mutu. Ɗiyata ta dawo daga makarantar koyon jinya ta tsaya bakin ƙofa da hannu a hanci. "Mama, wallahi za a kore mu. Me kike dafawa?" Na ce gadon kakanki nake dafawa, shigo ki rufe ƙofa. Ba ta shigo ba, gidan ƙawarta ta koma.

Dole na kwashe komai na kai lambun Tonton. Sai maganar kashin tattabara, wanda ake jiƙa fata a ciki don ta yi laushi bayan an kankare gashin. Lyon ba ta rasa tattabaru ba, Allah ya yi musu albarka. Ku kwatanta mace da hijabi da ƴar shebur da bokiti a ƙarƙashin gada, Turawa masu gudun motsa jiki suna wucewa suna waiwaye. Wani har ya miƙo mini burodi.

Fatar farko ta fito kamar kilishin da ya shekara. Tonton ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce, "Madalla. Da wannan za mu yi ƙofar bukka." Ta biyu ta ruɓe. Na gane bagaruwata ce ta yi kaɗan, ƴan ƙullin da ake samu a Lyon ba za su isa ba. Sai na hau jirgin ƙasa na tafi Paris, na shiga unguwar Château Rouge, shagon wani Bamaraɗe da ke sayar da kayan gida, daddawa da kuka da su kanwa. Na ce ya ba ni duk bagaruwar da yake da ita.

Ya ce, "Hajiya, duka? Mata ƙulli ɗaya suke saye na magani. Ke asibiti za ki buɗe?"

Na ce, "Auna mini dai, Malam."

Ban san abokin cin shinkafar yayana ne ba. Ya ba shi labari don a yi dariya, wai ƙanwarka ta kwashe mini bagaruwa da buhu. Yayana bai yi dariya ba. Duk Paris mutum ɗaya ne ya san abin da ake yi da buhun bagaruwa, shi ne kuwa.

Ko gida ban kai ba ya kira. Babu ina gajiya, babu yaya ɗiya.

"Mi kike yi da bagaruwa?"

"Abin da Baba ke yi da ita, Yaya."

Na ji numfashinsa. Ya ce, "Na fidda ki daga cikin warin nan, na kawo ki inda ba wanda ya sani, shi ne za ki tono shi? Kin san abin da na sha? Ke ba ki shiga lakwal ba. Ba ke yara ke toshe wa hanci ba in kin shigo aji. Ba ke aka hana wa aure ba aka ce gidanku na wari."

Na ce, "Gaskiya ne, ban shiga lakwal ba. Da kuɗin warin aka sa ka, ni aka bar ni da kwano."

Ya ce matar ɗansa tana da ciki, surukansa manyan mutane ne, kuma in na bari maganar nan ta fita, in ɗauka ba ni da ɗan'uwa a ƙasar nan. Ya kashe wayar. Na zauna cikin jirgi da buhuna tsakanin ƙafafu. Ban da ɗiyata, ba ni da kowa a Faransa sai shi. In na kwanta ciwo shi ne, in na mutu shi zai sa a kai ni gida. Na san nauyin abin da ya faɗa.

Amma na koma lambu na daka bagaruwata.

Wannan karon fatar ta yi. Na shafe ta da man gyaɗa, na rina ta da karan dafi ta yi ja, na yi ta bugu ina ja har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Hannun Tonton yana rawa saboda tsufa, don haka ni ya koya wa fere ta har ta yi siririya, ya nuna mini yadda ake yanka ta ƙanana a liƙa a kowace kusurwar zugazugi. Mun shafe damina da sanyi muna wannan aikin. Da muka gama ya rataye akordiyon ɗin da maɗauri ɗaya ya sake shi. Ya ce in akwai ƙofar iska ko ta allura ce, zai buɗe da sauri. Muka tsaya muna kallo. Da ƙyar yake motsi. Ya bi kusurwoyin da leɓensa yana neman iska, bai samu ba. Ya cire malafarsa, abin da ban taɓa gani ba, ya zauna ya ja wani kiɗan rawa na garinsu. Ni da ba na rawa sai ga ƙafata tana taɓa ƙasa.

Da ya gama ya ce, "Saura abu ɗaya. Dokar mahaifina ce. Ba a cewa an gama akordiyon sai an kaɗa shi a gidan duk wanda hannunsa ya shiga ciki. An kaɗa a nawa. Gobe naki."

Na ce ai akwai hannu na uku. Ni ban ƙirƙiri komai ba, abin da na gani a hannun Baba na yi.

"To ina gidansa?"

Na ce ya rasu. Amma a wurinmu in uba ya rasu, gidansa shi ne gidan babban ɗansa.

Ana haka aka haihu, namiji, aka ce sunan Baba za a sa masa. Matar yayana ce ta kira ni, ta ce Alhaji ya ce in zo, komai ya wuce, amma in zo da bakina a rufe. Na ce zan zo. Ban ce komai a kan bakin ba.

Ɗiyata ta roƙe ni. "Mama, ki bar shi mana. Kowa da ƙaryar da yake rayuwa da ita." Na ce ya yi ƙarya a kan kansa, ban hana shi ba. Amma za a ɗauki sunan mutum a ba jariri, a bar mutumin a waje? Sai ta ce ita za ta ɗauki akwatin, don ya fi ƙarfin bayan Tonton.

An yi taron a wani zaure da suka kama haya a Aubervilliers. Bayan azahar aka cika, shadda da leshi sai ƙamshi, ga shinkafa ga naman rago. Tonton yana gefe da kwat da malafa, mutane suna zaton direbanmu ne. An ɗauko wani maroƙi, ya riƙe makirfo yana zuba kirari. Da ya zo kan jaririn sai ya ce mai sunan attajirin Damagaram, wanda raƙumansa ke kai fatu har bakin teku, wanda hannunsa bai taɓa dauɗa ba.

Wannan ta ƙarshen ce ta tashe ni. Hannun Baba baƙi ne har wuyan hannu, faratansa sun cinye, ko a likkafani haka suka tafi. Da wannan hannun yake ɓare mini gyaɗa.

Na je na ce wa maroƙin, "Malam, ara mini abin nan." Ya ɗauka liƙi zan yi masa, ya miƙo da murna.

Na yi sallama, aka amsa. Na ce ni ce gwaggon uban jariri, kuma na zo da gyara kaɗan. "Mai sunan nan ba shi da raƙumi ko ɗaya. Jaki ma aro yake yi. Majemi ne, kuma duk Damagaram an san jar fatarsa. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai taɓa roƙon kowa ba. In za ku yi wa yaron nan addu'a, ku roƙa masa ya gaji wannan." Na nuna akordiyon ɗin da ɗiyata ta fitar. Na ce, "Jar fatar da kuke gani a jikin abin nan ni na jeme ta, yadda na ga yana yi. Wannan dattijon ya ƙera sauran, kuma a al'adarsu sai an kaɗa shi a gidan mai aikin. Tonton, bismilla."

Tonton ya miƙe, ya ɗan rusuna wa mutane, ya fara. Ba zan ce muku kowa ya tashi yana tafi ba, don ba haka aka yi ba. Yara ne kawai suka taso suna tsalle. Wasu mata suka sunkuyar da kai, wasu suna taɓa juna da gwiwar hannu. Uwar mai jego ta ɗaure fuska kamar an ba ta maɗaci. Matar yayana tana cewa "innalillahi" a hankali.

Yayana ya taso. Na ɗauka mari zan sha, na kuma tsaya ban matsa ba. Ya zo har gaban Tonton, ya ɗora hannu a kan zugazugin, kiɗan ya tsaya. Ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya juyo ya ce mini, ba da ƙarfi ba, "Ɗauki baƙonki ku tafi."

Muka tafi. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Tonton ya ce, "Madam, ban kai ƙarshen waƙar ba, amma ina ganin ya isa. An gama shi." Ɗiyata ta fashe da dariya, ni kuma na fashe da kuka, mutane suna kallonmu.

Yayana ya cika maganarsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na yi jinya a asibiti bai zo ba. Wasu matan garinmu suka daina kirana biki, wata ta aiko mini cewa na tozarta gidanmu. Na ce a gaya mata gidanmu ni na san inda yake, kusa da rami yake. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci ni. Akwai ranakun da nake ɗaukar waya in ajiye. Amma ban kira ba, don in na kira haƙuri zan ba da, kuma ban san laifin da zan ce na yi ba.

Cikin wannan tsakanin Tonton ya koma tsibirinsu wurin ƴaƴan ƙanwarsa, da akordiyon ɗin a kafaɗa. Ya bar mini bukkar da wuƙaƙensa, ya kuma haɗa ni da wasu masu gyaran akordiyon da suka ga fatar suka so. Can ya rasu. An aiko wa ɗiyata bidiyon wani biki, wani saurayi yana kaɗa shi, ana rawa a kan ciyawa, teku a baya, jar fatar Damagaram tana buɗewa tana rufewa.

Sai wata rana da hantsi, ina lambu hannuna cikin ruwan bagaruwa, waya ta yi ƙara. Yayana ne. Ya yi sallama a taƙaice, na amsa a taƙaice. Ya yi gyaran murya.

"Fatar nan da na taɓa ran suna."

"Na'am."

"Kin yi gaggawar fidda ta daga bagaruwa. Tsakiyarta ba ta sha ba sosai. Da Baba ya gani da kin sha zagi."

Na ce, "Kai da hannunka bai taɓa dauɗa ba, ina ka sani?"

Ya ce, "Ke kwano kike kawowa ki tafi. Ni duk hutun lakwal cikin ramin nake." Ya ƙara da cewa, "Kuma bagaruwar Château Rouge tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi. Zan je gida wata mai zuwa."

Shi ke nan. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce ya yafe mini ba, har yau. Da ya dawo ya zo Rillieux da kansa da buhu a bayan mota. Ya tsaya bakin bukka cikin farar shadda yana yamutsa fuska, yana cewa ba haka ake riƙe wuƙa ba, ba haka ake ja ba. Na ce in ka iya zo ka yi. Bai yi ba ranar. Amma bai toshe hanci ba.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadamar abin da na yi a gaban surukansa. Na kan yi tunanin yaron da ake toshe wa hanci a aji, in ji tausayinsa, don shi ma ba shi ya zaɓa ba. Da zan sake, wataƙila da na rage murya. Amma ba zan zauna ina cin naman suna ana wanke hannun ubana da ƙarya ba. Wani tsoho daga ɗigon ƙasa a tsakiyar teku yana faɗin aikin mahaifinsa da malafa a hannu, ni kuma ina ɓoye nawa kamar sata. Wannan ne na kasa ci gaba da yi.

Matar yayana ce ta ba ni ƙarashen labarin buhun daga baya, tana dariya. Wai a filin jirgi ma'aikaci ya buɗe, ya ga ƴaƴan itace baƙaƙe, ya tambaye shi na mene ne. Ga mutanen garinmu a layi bayansa suna ji. Ta ce Alhaji ya gyara hula, ya ce, "Na ƙanwata ne. Majemiya ce, kamar ubanmu."